Amsa kan fitowar Steal This Album!

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa mawaƙan System of a Down suka fitar da faifan waƙoƙi na Steal This Album! shekara guda kacal bayan faifansu na Toxicity. Waɗannan mawaƙa 'yan asalin Armeniya da ke Amurka sun naɗi waƙoƙi sama da 30 tare da furodusa Rick Rubin, amma 14 ne aka jera a Toxicity, wanda ya fito a watan Satumban 2001. A farkon 2002 ragowar suka ɓulla a intanet tun ba a gama tace sautinsu ba, shi ya sa suka gyara su, suka fitar da su a Nuwamba. Da gangan aka bar faifan kamar kwafin sata, sunansa rubuce tamkar da alƙalamin maka (marker).