Købe ba daga Jamusanci ta fito ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mutanen Danmak sun aro købe, wato saye, daga kaufen ta Jamusawa ne, tunda sun yi kama. A'a, 'yan'uwan juna ne, kakarsu ɗaya.

Lokacin da nake koyon harshen a Kopanhagen, abin da ya fara ruɗa ni shi ne furuci. A rubuce akwai b, amma a bakin mai kanti, in yana sauri, sai ka ji kamar w. Ka tsallaka gada zuwa Malmo kuwa, mutanen Suwidin na cewa köpa, p ɗinsu na nan daram, sai dai k ɗin ta koma kamar sh. Mutanen Norwe na rubuta kjøpe. Duk daga kaupa suke, ta tsohon harshen Vikings, wato kakannin mutanen waɗannan ƙasashe uku. Danmak ce ta sassauta baki: wajen 1100 zuwa 1300, p da t da k da ke bayan wasali suka koma b da d da g. Shi ya sa gata ta Suwidin, wato titi, ta zama gade a wurinsu.

Aro kam an yi, amma tun can baya, kuma daga Rumawa. A harshen Latin, caupo shi ne mai masauki da ke sayar da giya da ƙananan kaya. Masana da yawa na ganin ƙabilun Jamus na dā, kakannin Jamusawa da mutanen Danmak duka, sun ɗauko kalmar ne daga irin waɗannan 'yan tireda a kan iyakar daular Rum. Ta tsufa ƙwarai, don tana cikin fassarar Littafi Mai Tsarki da wani limamin Kirista, Wulfila, ya yi wa mutanen Got, ɗaya daga cikin ƙabilun, a ƙarni na 4. Daga bakin waɗannan ƙabilun ta bazu: kopen a Holan, kupit a Rasha, kauppa a Finlan. Har cheap ta Turanci daga nan take, asalinta ciniki ake nufi, arha daga baya ta shigo.

Wani ya tambaya ko da kwabonmu take da alaƙa. Babu, shi daga sunan jan ƙarfe na Turawa ya zo.

In ka hau jirgin ƙasa a Danmak, duba allunan tashoshi. Nykøbing da Ringkøbing duk garuruwan kasuwa ne, shi kansa København, wato Kopanhagen, ma'anarsa tashar jiragen ruwa ta fatake.