Amsa kan zaɓen farar giyar inabi daga gonar Mosel

Barkanmu da yamma, 'yan'uwa, da fatan kowa ya tashi aiki lafiya. Wannan saƙon amsa ce ga ƙaninmu da ya fara aiki a wani ƙaramin gidan abinci a birnin Koblenz na ƙasar Jamus, wanda ya ce uwar ɗakinsa ta miƙa masa jerin kayan da wata gonar inabi ta kwarin kogin Mosel ke sayarwa kai tsaye, ta ce ya zaɓi farar giya iri biyu ko uku da za a riƙa ba baƙi tare da gasasshen nama da shinkafa mai yaji, shi kuma ya rasa inda zai kama. Na san da yawa a cikinmu ba sa sha, kuma ba ina kiran kowa ga sha ba ne. Aiki ne ya kawo tambayar, kuma a matsayin aiki zan amsa ta.

Ƙanina, abin da nake so ka fara riƙewa shi ne kada sunan da ke kan kwalba ko tsadarta su yanke maka hukunci. Abubuwa uku za ka karanta tare: ragowar sukari, yawan tsami, da ƙarfin barasa. Yawancin gonaki suna rubuta su a jerin kayansu, idan kuwa ba su rubuta ba, ka buga waya ka tambaya, domin suna da su a takardar gwajin kowace giya. Dalilin shi ne sukarin da ke cikin ruwan inabi shi ne yisti ke mayarwa barasa, kusan giram 17 a lita ɗaya na ba da kashi 1 cikin ɗari. Saboda haka idan ka ga giyar Mosel ta irin inabin da ake kira Riesling mai barasa kashi 8, to ka tabbata an tsayar da tsimuwarta tun sukarin bai ƙare ba, kuma za ka ji zaƙi. Idan ka ga kashi 12 ko 12 da rabi, kusan duk sukarin ya tafi. Wannan lissafin kaɗai zai raba maka jerin gida biyu tun ba ka buɗe kwalba ko ɗaya ba.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne kalmomin nan na Kabinett, Spätlese da Auslese. Dokar giyar inabi ta Jamus ta 1971 ta jera su ne bisa yawan sukarin da ke cikin ruwan inabin a ranar da aka tsinke shi, wanda ake aunawa da ma'aunin Oechsle, ba bisa zaƙin abin da ya ƙare a cikin kwalba ba. Kabinett ita ce mafi sauƙi, Spätlese daga inabin da ya fi nuna, Auslese daga zaɓaɓɓun nonnan da suka nuna sosai. Ana iya samun Spätlese da aka bar ta ta tsimu har sukarin ya ƙare, kuma a nan ne za ka ga an ƙara mata kalmar trocken, wato marar zaƙi. Ita trocken doka ta ƙayyade ta: ragowar sukari bai wuce giram 4 a lita ba, ko kuma ya kai har 9 muddin tsamin bai gaza sukarin da fiye da giram 2 ba. Halbtrocken, wato mai ɗan zaƙi kaɗan, tana iya kaiwa giram 18 idan tsamin ya isa. Ita kuwa feinherb, wadda manoman Mosel ke son rubutawa, doka ba ta sa mata iyaka ba, kowane gida da nasa ma'aunin, don haka a kanta ne ya fi kamata ka nemi adadin sukarin a rubuce.

Ka lura cewa dokar ma da kanta ta haɗa sukari da tsami wuri guda, kuma ba banza ta yi hakan ba. Kamar kunun tsamiya ne: cokalin sukarin da zai gundure ka idan tsamiyar ta yi kaɗan, shi ne zai zo daidai idan ta ji. Riesling ta Mosel tana fitowa ne daga gangaren duwatsu masu falle-falle da ke riƙe zafin rana, a yanki mai sanyi inda inabi ke nuna a hankali, irin su Calmont kusa da Bremm, wanda ke cikin gonakin inabi mafi tsayuwar gangare a duk Turai. Shi ya sa tsaminta ke da kaifi, har ta iya ɗaukar sukari giram 40 ko 50 a lita ba tare da ta yi nauyi a harshe ba. A nawa ra'ayin, ga abinci mai barkono irin wanda kuke dafawa, Kabinett mai ɗan zaƙi ko feinherb ta fi duk wata trocken mai ƙarfi dacewa, saboda barasa mai yawa tana ƙara wa barkono zafi a baki, ɗan zaƙin nan kuwa yana kwantar da shi. Jamusawa da yawa za su zauna su ce maka su trocken kaɗai suke sha, amma ka zuba musu feinherb kusa da nama mai yajin ƙuli ka ga wanne kofi zai fara ƙarewa.

Duk da haka kana bukatar guda ɗaya marar zaƙi, kuma a nan ina ganin kada ka sake ɗaukar Riesling. Idan gonar tana da giyar wasu irin inabi da ake kira Weißburgunder ko Grauburgunder, ka ɗauki ɗaya daga ciki, domin tsaminsu bai kai na Riesling ba, kuma baƙon da ke kukan tsami na damun cikinsa zai fi jin daɗinsu. Müller-Thurgau, wadda ake kuma kira Rivaner, ta fi arha kuma ba ta da laifi a matsayin giyar gida, musamman idan suna sayar da ita a kwalbar lita. Ka yi lissafin da kanka: kwalbar lita tana ba da kofi biyar masu cin lita 0,2 kowanne, alhali kwalba mai lita 0,75 tana ba da uku ne da ragowa.

Akwai kuma waɗanda za ka gani a ƙarshen jerin da haruffa GG, wato Großes Gewächs, farashinsu ya ninka na sauran. Waɗannan yawanci na gonakin da ke cikin VDP ne, wata ƙungiyar manyan gonakin inabi ta Jamus, masu tambarin mikiya da nonon inabi a wuyan kwalba, kuma giya ce marar zaƙi daga filaye mafi daraja. Suna da kyau ƙwarai, amma yawancinsu sai sun yi shekaru a ajiye kafin su nuna kansu, kuma ƙaramin gidan abinci da ke sayarwa kofi-kofi zai yi asara ne kawai idan kwalba ta kwana huɗu a buɗe. Ka bar su tukuna.

Yanzu maganar yadda za ku gwada. Kada ka ba da odar kwali goma daga karatu kawai. Kusan kowace gona tana haɗa kwalin ɗanɗano na kwalabe shida iri dabam-dabam, shi za ka fara nema. Ka tabbata waɗanda za ku kwatanta na shekara ɗaya ne, domin shekara tana sauya giya fiye da yadda ake zato: 2018 an yi zafi da fari, giyarta ta fito da cika da ƙarancin tsami, 2021 kuwa an sha sanyi da ruwa, shekarar da ambaliya ta yi ɓarna a kwarin Ahr a watan Yuli, giyarta ta fito siririya mai kaifin tsami. Idan ka gwada ta wannan shekara da ta waccan, yanayin sama kake kwatantawa alhali kana zaton iri kake kwatantawa. Ku fitar da kwalaben daga firij kamar minti goma sha biyar kafin a zuba, su kai wajen digiri 8 zuwa 10, saboda sanyi mai yawa yana ɓoye ƙamshi kuma yana ɓoye aibi. Kofuna su zama iri ɗaya, a fara da marar zaƙi a ƙare da mai zaƙi, a rufe takardar kwalbar da ƙyalle don kada farashi ya shiga kan mai ɗanɗanawa, sannan a kawo ainihin abincin da za a sayar, da yajinsa yadda yake. Idan kai ba ka sha, ba sai ka kai baki ba. Ka zuba wa uwar ɗakinka da mai dafa abinci, kai kuma ka riƙe biro kana rubuta abin da suka faɗa a gefen adadin sukari da tsamin kowace kwalba. Ku mayar da murfi ku sake gwadawa washegari, domin wadda ta riƙe ɗanɗanonta bayan kwana ɗaya ita ce za ta yi muku amfani a sayar da kofi.

Idan kun tsayar da zaɓi, ka rubuta lambar A.P. da ke jikin takardar kwalbar, wato lambar gwajin hukuma. Gona ɗaya tana iya cika giya mai suna ɗaya har sau biyu daga tankuna dabam, kuma wannan lambar ce ke bambanta su, don haka ka ambace ta a odarka, ka kuma tambaye su ko suna da isasshe da zai kai ku har sabuwar shekara ta fito. Ka roƙe su kada su turo kaya a makon da ake tsananin zafi, domin kwali da ya yini a bayan mota a watan Yuli ba ya dawowa yadda yake.

Tun da gidan naku yana samun baƙi Musulmi, ka tambayi gonar ko suna da Traubensaft, wato ruwan inabi zalla da ba a bar shi ya tsimu ba. Gonaki da yawa suna matse shi daga Riesling ɗin nan, kuma yana da daɗi idan an sirka shi da ruwa mai gas. Ka bambanta shi da giyar da aka cire wa barasa, wadda dokar Tarayyar Turai ta yarda ta riƙe har rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Baƙon da ya tambaye ka yana da haƙƙin ka faɗa masa wanne ne a cikin kofinsa, don haka a rubuta su dabam a takardar abincin. Idan jerin ya zo hannunka da adadin sukari da tsami, ka ɗauki hotonsa ka turo nan, zan duba in nuna maka shidan da za ka fara nema.