Na yi addu'a, na yi azumi, amma ciwon ɗana bai tafi ba

Tambaya: Fasto, ɗana yana da sikila. Da hunturu ya shigo, sai kwanan asibiti. Na yi azumi, dattawa sun ɗora masa hannu, ciwon na nan. Wata a zumuntar mata ta ce bangaskiyata ce ta gaza. Yanzu ko addu'a ba na iyawa, sai kuka. Allah ya yashe ni ne?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba yaron sauƙi. Allah bai yashe ki ba, kuma abin da aka faɗa miki ba gaskiya ba ne. Sikila gadonta ake yi: in uwa da uba duk jininsu AS ne, wato suna ɗauke da ita amma ba sa ciwon, kowane ciki akwai yiwuwar kashi 1 cikin 4 a haifi SS, wato mai sikila. Ba hukunci ba ne a kanki. A Yahaya 9, da almajirai suka tambaya ko zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba.

Ki dubi manzo Bulus. A Afisa har tufafin da suka taɓa jikinsa ake kai wa marasa lafiya su warke. Shi ɗin ne, a 2 Korantiyawa 12, ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba. Amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi, domin a cikin rashin ƙarfi ne ikon Allah yake cika. Wa zai ce Bulus ba shi da bangaskiya? Shi ne kuma ya bar abokin aikinsa Tarofimas a Militas yana fama da rashin lafiya. Allah yakan warkar, muna ci gaba da roƙonsa, amma wani lokaci yakan bar nauyin, ya riƙe mai ɗauke da shi.

Kukan nan kada ya tsorata ki. Romawa 8:26 ta ce sa'ad da ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, Ruhu da kansa yake roƙo dominmu. In kin zauna bakin gadon yaron da tsakar dare, kina matsa masa ƙafa, bakinki ya kasa furta komai sai sunan Yesu, kin yi addu'a.

Abin da mukan manta shi ne alheri yakan zo ta abubuwan da muke rainawa. Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, a 1 Sarakuna 19. Mala'ika bai tsawata masa ba, abinci da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya yi barci. Saboda haka ki ci abinci, ki huta. Yaron ya sha ruwa sosai, ya sa kayan sanyi, ya kwana cikin gidan sauro, ya sha maganinsa kullum. Zazzaɓi ya taso, a garzaya asibiti. Kada ki sa shi azumi, kada kuma kowa ya sa ki daina ba shi magani da sunan gwada bangaskiya.

Ki je wurin fastonku, ki faɗa masa a fili kin gaji. Ki roƙa a samu mata biyu ko uku da za su riƙa karɓar ki jinya, musamman da dare. Galatiyawa 6:2 ta ɗora wa ikilisiya wannan, ba roƙon arziki kike yi ba. Ki kuma gaya masa maganar da aka yi miki, domin a gyara ta kafin ta raunata wata uwar.