Malam, ba yunwar taki ba ce ke damun sanfulawarka

Wallahi Malam da na karanta tambayarka kan abin da ke damun shukarka ta sanfulawa (sunflower) sai da gabana ya faɗi, kamar labarina kake bayarwa. Bakin ganye na ƙonewa, shukar ta tsugune, ka zuba yuriya sau biyu shiru, kuma da ruwan bohol kake ban ruwa. Gishiri ne ɗan'uwa.

Ni lokacin da abin ya same ni wajen mai sayar da taki na je, mutumin ko gonar bai gani ba ya ce in ƙara buhu biyu, ni ma da wautata na ƙara. Bayan kwana biyar na shiga da sassafe, ganyen ƙasa sun bushe ƙamas suna marmashewa a hannuna, ga wani farin ɓawo a saman kunya kamar an barbaɗa gari, na dangwala na lasa, gishiri zalla. Na kira shi wai iri ne ba kyau, irin da shi ya sayar min fa! Ya kashe waya. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, Allah ya isa kawai.

Daga baya na gane sinadarai biyu ne a gishirin, sodiyom da kuloraid, sodiyom ne ke tare wa saiwa shan potasiyom da kalsiyom, kuloraid kuma yana kokawa da naitiret, wato nau'in naitirojin da saiwa ke sha, shi ya sa taki na kwance a ƙasa shuka na jin yunwa. Yuriya kuma amoniyom take fara komawa, shi kuwa in ya yi yawa ƙara rage shan potasiyom da kalsiyom da magniziyom yake, ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ni yanzu kalsiyom naitiret nake haɗawa, naitirojin ɗinsa 15.5 ne cikin ɗari, bai kai 46 na yuriya ba amma a ƙasa mai gishiri ya fi min, kuma kaɗan-kaɗan nake sawa sau uku. Ban ce ka yar da amoniyom gaba ɗaya ba, a ƙasa mai kanwa ɗan amoniyom salfet yana taimaka wa saiwa ta samu fosfaros da zink. Takin potash na MOP dai ka guje shi, kuloraid ne cike, na SOP, wato potasiyom salfet, za ka nema.

Don Allah ka auna ruwan nan da ƙasar. Sanfulawa tana da ɗan juriya, sai EC na ƙasa, wato awon yawan gishirin da ke cikinta, ya wuce wajen 4.8 dS/m amfanin ke fara ja da baya. Ka yi ban ruwa mai nauyi ya wanke gishirin ƙasa, amma in ruwa ba shi da mafita ɓata lokaci ne. Shekara mai zuwa a gefen kunya za ka shuka, a tsororuwa gishirin ke taruwa. Af, ruwan yana kwanciya a gonar bayan ban ruwa? In haka ne jibsam ma, wato garin kalsiyom salfet da ake gyara ƙasa da shi, sai ka sa.