Windows da Ubuntu a kwamfutar gida ɗaya: amsata ga yarona na shago

Jiya ina tsakiyar canza wa wata laftof allo ka tsaya min a ka da tambaya, wai wani ɗalibi yana so a zuba masa Ubuntu, wato wani nau'in Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kusa da Windows a kwamfutar gidansu, ka karɓi aikin ko ka bari. Ban amsa maka ba, domin tambayar ta taso min da wani abu da har yau yake ci min rai.

Ba zan koya maka yadda ake ɗora Ubuntu a filash ko yadda ake shiga BIOS ba. Idan har yanzu ba ka iya wannan ba, zamanka a shagon nan ba shi da amfani. Abin da ya kamata ka ji shi ne kalmar da ka faɗa da bakinka ba ka lura ba: kwamfutar gidansu. Ba tasa ba ce. Uba na da takardu a ciki, uwa na da hotunan biki, ƙanne na buga wasa.

Lokacin da Windows 7 ke tashe, wani Alhaji dillalin taki ya zo min nan Ƙofar Ƙaura da kwamfutarsa ta tebur, ɗansa na biye da shi. Yaron yana karatun kwamfuta, an ce musu su koyi Linux. Na tambayi Alhaji ko akwai abu mai muhimmanci a ciki, na ce a bari in kwashe komai a wani rumbun daban tukuna, kuɗin aikin kaza ne. Ya yi tsaki, ya ce mu masu gyara kullum neman hanyar ƙarin kuɗi muke, babu komai a ciki sai tarkacen yara. Na rage fatishan ɗin Windows, wato ɓangaren rumbun ajiya da take zaune a kai, na zuba Ubuntu, na kunna kowanne a gabansa ya gani da idonsa. Ya ba ni rabin kuɗi, ya ce zai aiko da ciko.

Aiki ya yi kyau, aka ɗauki watanni ana amfani da ita. Sai yaron ya buƙaci wurin zuba wasan ƙwallo. Ya shiga wurin da Windows ke nuna rabon rumbu, ya ga wani fatishan babu suna babu harafi. Windows ba ta karanta ext4, tsarin da Ubuntu ke ajiye kayanta a kai, don haka a idonsa fili ne a banza. Ya goge shi. To a can GRUB ke ajiye fayilolinsa, wato ɗan shirin da ke tambayarka wacce za ka shiga idan ka kunna. Da ya sake kunnawa sai baƙin allo da rubutun grub rescue.

Wallahi a wannan lokacin ko fayil ɗaya na Alhaji bai ɓata ba. Da sun dawo min, kafin shayi ya huce na gyara wa Windows hanyar tashinta. Amma yaro ya ji tsoron ubansa, ya ɗauke ta a ɓoye ya kai wa wani mai gyaran waya da ya koyi zuba Windows a bidiyo. Shi kuma abin da ya sani ɗaya ne: ya goge fatishan duka, ya zuba sabuwa, ya cika ta da wasanni da fina-finai a kan inda takardun suke.

Sai ga Alhaji a ƙofar shagona yana ɗaga murya, wai na lalata masa lissafin duk manoman da suka karɓi taki bashi daga Rimi har Batagarawa. Mutumin da ya ce babu komai a ciki! Na rufe shago, na kwana ina tono abin da za a iya tonowa, da man janaretona. Na ceto wani ɓangare, fayiloli babu sunaye, sai na buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Bai gode ba. Ya kai ni gaban dattawan layinmu, ɗansa ya tsaya ya rantse bai taɓa komai ba. Ni kuma ba ni da takarda, ba ni da shaida, sai bakina. Aka ce in yi haƙuri, babba ne. Na saya masa sabon rumbu da kuɗina, cikon kuɗin aikina kuwa har yau. Ya bi majalisa yana faɗin sunana, har wata makaranta da nake duba wa kwamfutocinta ta janye aikinta daga hannuna. Daga baya yaron shagonsa ya faɗa min cewa lissafin bashin nan kaf yana cikin littafi a durowarsa, ko sisi bai yi asara ba. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Ka ɗauka rumbu mai Windows da Ubuntu gidan gado ne aka raba biyu aka bar zaure ɗaya. Kowa da ɗakunansa, amma duk wanda ya taɓa zauren ya shafi kowa. A kwamfutocin yanzu masu UEFI, sabon tsarin tashin kwamfuta, zauren shi ne ɗan ƙaramin fatishan na EFI, kuma kowace cikin biyun tana iya taɓa shi. A watan Agusta na 2024 wani sabuntawar tsaro na Windows ya hana Linux tashi a wasu kwamfutoci masu manhaja biyu da Secure Boot, tsaron da ke tantance manhaja kafin ta tashi, a kunne, mutanen da ba su taɓa komai ba. Wanda ya iya zai fita. Uwar gida da ke son buga takardar makarantar yara fa?

Kuma yau abin ya fi zamanin Alhaji haɗari. Laftof da yawa suna zuwa da BitLocker, makullin da Windows ke kulle rumbu da shi, a kunne mai ita bai sani ba. Ka kashe Secure Boot ko ka taɓa tsarin tashi, sai Windows ta nemi mabuɗi mai lamba 48. Yawanci yana cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar, wanda wani yaro a kafe ya buɗe masa, ya manta kalmar sirrin. Idan babu mabuɗin nan, ni ma da nake ubangidanka ba abin da zan iya cirowa. Sannan akwai Fast Startup tun daga Windows 8: ka ce ta mutu, ita kuwa ba ta rufe rumbun gaba ɗaya ba. Ka shiga ta Ubuntu ka tilasta rubutu a ɓangarenta, fayiloli su lalace. Agogo ma zai riƙa ja baya da awa ɗaya a Windows, saboda Linux na ajiye lokacin UTC mu kuma muna gaba da shi da awa guda. Wannan ƙaramin abu ne, amma kai za a kira a ce ka ɓata kwamfuta. Rage fatishan a kwamfutar tebur babu UPS a garin da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan ko magana ba zan yi ba.

Na san za ku ƙara ganin irin wannan buƙata, domin tun 14 ga Oktoba 2025 aka daina tallafa wa Windows 10, tsofaffin kwamfutoci da yawa kuma ba su da TPM 2.0, ɗan kayan tsaron da Windows 11 ke nema. Ku kuma yaran yanzu, bidiyon minti biyar kuka kalla sai ku ɗauka kun zama injiniyoyi. Ba ku karanta abin da allo ya rubuta, dannawa kawai kuke, kuma a wajen zuba Ubuntu layin da ke goge rumbu gaba ɗaya yana nan kusa da wanda kuke nema.

Ka ce wa ɗalibin ya sa Ubuntu cikin VirtualBox, ko ya yi amfani da WSL, duka biyun suna tafiyar da Linux a cikin Windows ba tare da raba rumbu ba, ya ishe shi aikin makaranta. In ya nace sai ta gaske, ya sayi rumbun SSD nasa daban, ka cire na gidan kafin ka fara zubawa. In kuma dole sai a rumbu ɗaya, uban ne zai zo da ƙafarsa, a kwashe komai a gabansa, a rubuta mabuɗin BitLocker a takarda, ya sa hannu cewa an faɗa masa, ya biya kuɗi cif. Idan ya ce babu komai a ciki, ka miƙa masa kwamfutarsa ya tafi wani shagon.