Fasto ya rasu a tsibiri: ƙaninsa ya riƙe katin banki, dattawa sun ɗaure jirgi

TAMBAYA: Barista, ranka ya daɗe. Maigidana fasto ne a wata ƙaramar ikilisiya da ke tsibiri a cikin ruwa kusa da Yawuri. Ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya, bai bar wasiyya a rubuce ba. Ya bar ni da 'ya'ya biyar, huɗu mata, namijin shi ne auta. Baikon ginin sabuwar majami'a da albashinsa da kuɗin albasar da yake nomawa duk asusu ɗaya suke shiga, da sunansa, don cocin ba ta da nata. Ranar jana'iza ƙaninsa ya karɓe katin da wayar, ya ce sunansa aka rubuta a banki a matsayin nes of kin, wato makusanci, saboda haka kuɗin nasa ne, har ya fara cira. Dattawa kuma sun ɗaure jirgi da injinsa, wai na aikin bishara ne, alhali maigidana bashi ya ci ya sayi injin. An kuma ce in tashi daga gidan fasto. Ba na barci. Ina zan dosa?

AMSA: Mama, sannu da rashi. Ubangiji ya ta'azantar da ke da yaran.

Bari in fara da mai ɗacin. Gidan fasto, in ikilisiya ce ta gina shi a filinta, ba ya cikin gado. Manyan ɗarikoki irin su ECWA da COCIN da UMCA suna riƙe kadarorinsu ne ta hannun amintattu masu rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta hana a raba wa ɗaiɗaikun mutane dukiyar irin waɗannan ƙungiyoyi. Ki nemi wa'adi a rubuce daga shugaban gundumar ɗarikarku, ki tambayi albashin da yake bi da kuma tanadin da ɗarikar ta yi wa iyalin ma'aikacin da ya rasu a bakin aiki. Kayan da ke cikin ɗaki, da abin da kika saya da guminki, awaki ne ko injin markaɗe, naku ne, babu mai ƙirga su.

Yanzu ga maganar da ta fi ci mini rai, wato ta ƙanin mijinki. Kusan duk mai takaba da ta shigo ofishina da wannan kukan take shigowa, kuma a bayan kowane labari akwai wani gwanin shayi ko ɗan acaba da ya taɓa buɗe asusu, shi ya yanke wa dangi hukunci cewa wanda aka rubuta a wannan gurbin shi ne mai dukiya. Ƙarya ce. Babu wata doka a Najeriya da ta ce haka. Mutumin da aka rubuta a wannan layin makusanci ne da za a nema in wani abu ya faru, kamar sunan da fasinja yake bayarwa a tasha kafin mota ta tashi: in an yi haɗari shi za a kira, amma wannan bai sa buhunan da ke bayan motar sun zama nasa ba. Sau da yawa ma tun mutum yana saurayi ya cike takardar, ya sa sunan ƙaninsa don shi ne mai waya a gidan, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, bai sake tuna ta ba. Ta yaya layi ɗaya da aka cike a tsaye a gaban kanta zai kori mata da 'ya'ya biyar?

A irin wannan hali naki, abu biyu ne suke ba mutum ikon taɓa kuɗin mamaci da ke banki. Ko wasiyya ingantacciya, a rubuce, da sa hannunsa da na shaidu, wadda kotu ta tabbatar. Ko kuma, in babu wasiyya kamar yadda yake a nan, takardar izinin kula da gado daga sashen gado na Babbar Kotun Jiha. Shi kansa bankin ya san haka. Ƙanin nan ya je ya tsaya a gaban manaja ya ce yayana ya rasu, ni ne makusanci, a ba ni kuɗin, ki ga abin da za a ce masa. Za a nuna masa hanyar kotu. Wannan ne ya sa masu irin halinsa ba sa shiga cikin banki. Ranar kasuwa suke jira, su sauka a bakin ruwa, su laɓa wajen mai POS da ke ƙarƙashin lema, su cire kaɗan yau, su cire kaɗan mako mai zuwa. Wayar ma ta fi katin haɗari, domin da layin da lambar sirri zai iya tura kuɗin duka yana kwance a ɗakinsa. Abin da ba su sani ba shi ne kowace cira tana barin sawu, da rana da sa'a da sunan shagon. Randa aka buga takardar bayanin asusu aka ajiye ta gefen takardar shaidar mutuwa, za a ga mamaci yana cirar kuɗi bayan an binne shi, kuma sai an faɗi hannun wa ya danna lambar.

Mutane na ɗauka rigimar cikin gida ce, ta ƙare a zauren mai gari. To su sani, kundin hukunta laifuka na Penal Code, wanda ya fara aiki a Arewa a 1960, ya ware hukunci na musamman ga wanda ya yi sama da faɗi da dukiyar da mutum ya mutu ya bari kafin ta shiga hannun masu haƙƙi. Ta ɓangaren ƙarar diyya kuma, duk wanda ya tsoma hannu a gado ba da izinin kotu ba, ya ɗora wa kansa nauyin mai kula da gadon ba tare da ya sami ikonsa ba: magada za su bi shi, masu bin mamacin bashi ma za su bi shi, kuma daga aljihunsa zai biya. Ko da zai rantse cewa shinkafar masu ta'aziyya ya saya, sai ya kawo lissafi. Kuɗin jana'iza na hankali doka ta yarda a fitar daga dukiyar, amma da shaida, ba da baki ba.

Wannan hukuncin har da ke, Mama. Na san za a sami mai ba ki shawarar ki ƙwace katin ki riga shi kwashewa. Kada ki yi. Matar mamaci ma ba ta da wannan ikon sai da takardar kotu, kuma ranar da kika cire ko naira ɗaya kin ba su sandar dukanki. Ki rubuta wasiƙa zuwa reshen bankin, ki sanar da rasuwar da ranar da ta faru, ki nemi a dakatar da asusun, a buga miki hatimin karɓa a kan kwafinki. Daga ranar kowa ya huta, ke da shi. Zai yi miki wuya na 'yan watanni, ban ɓoye miki ba, amma in kika bar asusun a buɗe, abin da za ki je kotu nema zai ƙare kafin a kira sunanki.

Sai kuɗin da ke ciki. A nan ikilisiya tana da gaskiyarta. Baikon gini amana ce a hannun maigidanki, kuma amana ba ta zama gado don kawai tana kwance a asusun da ke ɗauke da sunansa. Idan mai riƙon amana ya cakuɗa nasa da na mutane, doka tana ɗauka nasa ya fara kashewa, don haka sai an cire na amanar kafin a kira ragowar gado. Amma ba da ƙiyasi ba. Ma'aji ya kawo littafinsa, wanda ake rubuta baikon kowace Lahadi, magatakarda ya kawo na taron dattawa, a jera su da bayanin banki: nawa ya shiga ranar Litinin bayan sujadar godiya, nawa ya fita aka sayi siminti da kwano, nawa kuma ya shigo daga dillalan albasa a lokacin kaka. Sunan mai turowa yana nan a rubuce. A zauna da wakilin gunduma, a rubuta abin da aka amince, kowa ya sa hannu. Gundumomin da suke barin ƙananan ikilisiyoyi suna zuba baiko a asusun fasto, don gudun wahalar takardun buɗe asusun coci, su ma suna da kaso a wannan fitinar.

Jirgin kuwa, tambayar ita ce wa ya saya, da kuɗin wa. Cewa ya riƙa ɗaukar masu bishara zuwa wasu tsibirai bai mayar da shi na coci ba. In wata ƙungiya ko wani mai taimako ne ya ba da shi don aikin, za a sami wasiƙa ko a tarar da maganar a littafin taro, to na ikilisiya ne. Inji kuma yana da lamba a jikinsa. Ki nemo rasit da takardar bashin, ki kira wanda ya ba da rancen ya yi shaida. Zai iya yiwuwa katakon na coci ne, injin na gado. In dattawa sun nace injin nasu ne, to bashin ma nasu ne, su fara biya. Ba zai yiwu a bar wa marayu bashi a tafi da inji ba. Kuma ina so dattawan su ji wannan daga gare ni, tunda na san za a karanta musu: su ne suke koya mana a Markus sura 7 yadda Yesu ya tsawata wa masu cewa abin da ya kamata su taimaki iyayensu da shi sun keɓe wa Allah. Mutumin nan ya yi muku hidima a inda babu asibiti, babu wuta, albashin ma sai an ga dama. Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba kun ɗaure abin da 'ya'yansa za su ci da shi, kuna kiran sunan bishara. Ku ji tsoron Allah.

Game da rabo, ki duba takardar aurenku. Ba kowane auren coci ne auren doka ba. Na doka sai an kai sanarwa wurin rajistaran aure, an jira kwana 21, ya ba da takarda, sannan aka ɗaura a ofishinsa ko a majami'a mai lasisi. Ƙananan majami'u na karkara da yawa ba su da lasisin, takardar albarka kawai suke bayarwa, auren kuma yana nan a matsayin na al'ada. In na doka ne, ƙa'idar da aka fi bi a Arewa, wadda aka gada daga Ingila, ita ce bayan an biya bashi matar ta ɗauki kashi ɗaya cikin uku, 'ya'ya su raba sauran daidai wa daida, ƙani ba shi da komai. In na al'ada ne, al'adar mutanen mijinki za a bi, amma ba kowace al'ada kotu take karɓa ba. A watan Afrilun 2014 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci biyu, na Ukeje da na Anekwe. Na farko ya rushe al'adar hana 'ya mace gadon ubanta, bisa sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999. Na biyu ya yi tir da korar gwauruwa daga gidan mijinta don ba ta haifi namiji ba. Al'adar Ibo shari'un suka shafa, amma hukuncin Kotun Ƙoli ya hau kan kowace kotu a ƙasar nan. Wanda ya ce miki 'yan matanki huɗu ba su da rabo, in mai zuwa coci ne, ki tuna masa da 'ya'yan Zelofehad a Littafin Ƙidaya sura 27. In kuma akwai Musulmi a dangin da suka ce a kai kotun Shari'a, rabon gado na Musulunci ya shafi dukiyar mamaci Musulmi ne.

Abin da za ki yi a aikace ba shi da yawa, sai dai jeka-ka-dawo. Takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ita ce ta farko. In a gida ya cika, ki haɗa da wasiƙar mai gari da takardar rantsuwa ta kotu. Ke kam an binne naki kin san kabarinsa. Iyalan waɗanda ruwa ya ci ba a ga gawa ba, kamar da yawa a haɗarin jirgin Warra na watan Mayun 2021, nasu ya fi tsawo, domin sai sun gamsar da alƙali da shaidu, in ba haka ba dokar shaida shekara bakwai take jira kafin ta ɗauka mutum ya mutu. Daga nan sai sashen gado na Babbar Kotu a Birnin Kebbi. Da yake akwai ƙananan yara, za a nemi masu kula aƙalla biyu, don haka ki zaɓi mutum mai amana daga dangin mijinki ya tsaya tare da ke, wannan yana kashe rabin surutu. Za a ba ku fom ku kai banki ya rubuta abin da ya rage, a buga sanarwa don mai ƙorafi ya fito, ku kawo masu tsaya muku, ku biya wani kaso na ƙimar dukiyar.

A kowace ƙofar kotu akwai masu rataye da jaka da za su ce miki sun san wani a ciki, takarda za ta fito cikin mako guda. Ki wuce su. Duk kuɗin da ba a ba ki rasit ɗin gwamnati ba, ya tafi. In kuɗin lauya ya gagara, ki nemi ofishin Legal Aid ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, suna karɓar irin wannan ƙarar kyauta. Shi kuma ƙanin, a kira shi gaban mai gari da shugaban gunduma, a nuna masa wannan amsar, ya ajiye kati da waya, ya rubuta nawa ya cire da yadda zai mayar, ya sa hannu a gaban shaidu. In ya ƙi, ki ɗauki kwafin wasiƙarki mai hatimin banki da takardar shaidar mutuwa ki kai wa lauya.