Tambaya da Amsa: Wannan "pick up" ɗin ya hana ni sakat

Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne a Jidda, ina ɗauko masu Umra daga filin jirgin Sarki Abdul'aziz in kai su Makka. Larabci dai alhamdu lillah tunda anan na tashi, amma baƙi 'yan Malesiya da Indiya da turanci suke rubuto min a WhatsApp, wani yace pick us up wani yace drop me off, na duba ƙamus naga pick wai tsinta ko zaɓa, up kuma sama, to ina ruwan tsintar mutum a ɗaga shi sama da tuƙin mota? Dan Allah a warware min.
Ɗan'uwanku direba, Jidda

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya. Ƙamus bai maka ƙarya ba, kai ne ka raba abin da ba a rabawa. Ka ɗauki kalmar ci a Hausa, muna cin tuwo, muna cin kasuwa, ana cin bashi, ana cin amana, yaro ya ci jarrabawa, toh in Balarabe mai koyon Hausa ya riƙe cewa ci tauna ce da haɗiya ai ranar da akace masa wane ya ci amana zai tsaya neman kwanon ne. Haka turanci yake, kalmar aiki in ta haɗu da 'yar ƙaramar kalma irin su up, off, out, sai ma'ana ta sauya gaba ɗaya, dole a haddace su a haɗe kamar kalma guda.

Pick up a aikinka shi ne ka je ka ɗauko mutum, drop off kuma ka sauke shi inda zai je. Amma kaga pick up ɗin nan shi ne kuma ɗaga waya, in baƙo yace you didn't pick up ƙorafi yake baka ɗaga kiransa ba. Sannan ka kula da inda ake sa mutumin, ana cewa pick up the guests ko pick the guests up duk daidai, amma da zarar kace him ko them ko us to tsakiya zai shiga, pick them up, ba pick up them ba, wannan kuskuren har masu digiri naji suna yinsa.

Shiga da fita ma akwai magana. Ƙaramar mota get in da get out of, amma bas da jirgin sama da jirgin ƙasan Haramain mai zirga-zirga tsakanin Makka da Madina da aka buɗe a 2018 get on da get off ake cewa, dabarar da nake ba ɗalibaina ita ce duk abin hawan da zaka iya miƙewa ka taka a cikinsa on ne da off. 'Yan gida Najeriya zakaji sunce I will drop here, wato zan sauka anan, mu mun gane, amma ɗan Malesiya ba lallai ya gane ba. In ɗan sanda ya tsayar da kai wajen shingen bincike na Shumaisi da ke hanyar Jidda zuwa Makka kace wa fasinja I have to pull over, wato zan gangara gefen titi in tsaya. Mota ta lalace broke down, mai ya ƙare ran out of petrol.

Abu ɗaya da nake so ka dage a kai shi ne harafin p, mu Hausawa muna maida shi f, Larabawan da kake zaune cikinsu kuma b suke maida shi, sai pull ta koma full ko bull. Ka riƙe 'yar takarda gaban bakinka, ka haɗe leɓe ka sake da iska, in takardar ta motsa ka samu.

Malam barka da aiki. Ina jinyar mahaifiyata a wani asibiti anan Makka, nas ɗin 'yar Filifin ce bata jin Larabci sosai, ran nan da asuba ta tare ni tace your mother passed out, wallahi sai da ƙafata ta kasa ɗaukata na fara salati ina kuka, ashe Hajiya na nan da ranta. Me kalmar take nufi ne?
'Yar'uwarku, Makka

Sannu ƙanwata, Allah ya ba Hajiya lafiya ya sa kaffara ne. Wasiƙarki ta taɓa ni sosai domin wannan ruɗanin ba ƙarami bane. Pass out suma ce, pass away shi ne rasuwa, kinga kalmar farko ɗaya ce, out da away ne kawai suka raba suma da mutuwa. In ta farfaɗo za su ce she came round. A Najeriya kuma mun fi sanin pass out da yaye sojoji ko masu bautar ƙasa, shi ya sa ko wanda ya yi boko sai ya ɗan yi jim.

Tunda kina asibiti ki riƙe waɗannan, throw up amai ne, lie down kwanta, sit up tashi zaune, look after kula da mutum ne kamar yadda kike wa Hajiya, look for kuma nema, kar ki haɗa su. In akace the operation was put off ɗage aikin akayi zuwa wani lokaci, in called off ne an fasa shi ke nan. Zaki lura likita a takarda yana rubuta vomit ko postpone, nas kuma da baki tace throw up ko put off, dalili shi ne turanci ya kwashi kalmomi da yawa daga Faransanci da Latin musamman bayan da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066, sai aka wayi gari abu ɗaya suna biyu, na takarda da na hira.

Kuma dan Allah a maganar lafiya kada ki ji kunya ki gyaɗa kai alhali baki gane ba, kice mata please say it another way, ko ki nemi ma'aikaci mai jin Larabci ya tsaya tsakaninku, musamman in maganar magani ce da adadin da za a ba Hajiya. Ki gaida min ita da jiki.